Aikin Ƙaba: Yaushe Za Mu Koma Gona?

Ƙaba ita ce hanji ya sami kafa a naman ciki, ya leƙo wajen matsematsi. Saiwa ko ɗauri ba su warkar da ita. Sai aiki a asibiti.

Aikin iri biyu ne. Na farko, likita ya tsaga wurin kamar inci 3, ya mai da hanjin, ya toshe kafar. Na biyu, ya huda ƙananan ƙofofi 3 a ciki, ya zura na'urar gani, ya gyara ta nan. Wannan sai an sa mutum barci, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba.

Wanda aka huda ya fi saurin miƙewa, ciwonsa bai kai na wanda aka tsaga ba. Amma duka biyu, galibi ran nan ko kashegari akan sallame su. Bayan mako 1 ko 2 su fara ƙananan ayyuka. Ɗaukar buhu da huɗa kuwa, sai bayan mako 4 zuwa 6. Saboda haka gara mu je da rani, kada damina ta same mu a kwance.

To, in ƙaba ta taurare, ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ba jiran rani. A tafi asibiti nan da nan, ko da tsakad dare ne.