Littafin da babu rubutu ciki, amma yana koya wa yaro rubutu

Jama'ar Dakoro da ƙauyukanta, da ku ƴan uwa da ke ci-rani, duk mai ɗa a lakwal ya san wannan: yaron da ke zuba tatsuniya da dare, in malami ya ce "rubuta labari", sai ya yi tsuru. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Kaya biyu aka ɗora mishi lokaci guda: ya nemo abin faɗi, kuma ya rubuta shi da Faransancin da ba ya ji a gida.

Akwai wani irin littafi da ke sauke mishi kaya guda. Hotuna ne zalla a jere, ba kalma ko ɗaya, amma labarin yana tafiya daga shafi zuwa shafi. Tun 2012 ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, ke tara irinsu domin yaran baƙin haure da ke sauka tsibirin Lamfedusa na Italiya, tun da hoto ba ya buƙatar tafinta. A nan ma, inda aji guda kan haɗa Bahaushe da Bafillace da Buzu, abin zai yi amfani.

Yaya ake yi? Malami ya nuna hoto ya tambaya: wa ke nan? Mi ya faru? Sai mi? Yara su faɗa da harshensu. Sannan kowa ya rubuta jimla guda a allonshi kan kowane hoto. Hoto huɗu, jimla huɗu, labari ya tashi. Gyaran kuskure sai daga baya.

In babu littafin, alli da baƙin allo sun isa, ko cikin aji na rumfar kara ne: yarinya a bakin rijiya, guga ya faɗa ciki, mai raƙumi ya iso, an ciro. Abin da yaro ya sani ya fi buɗe mishi baki. Sai dai hoto ba ya koyar da baƙaƙe, wannan aikin malami ne kullum.

Ku da ke Agadas, Kano, Abijan ko Libiya, in za ku yi tsaraba, ku tuna da irin wannan littafi. Ko a wace ƙasa aka buga shi, yaron Dakoro zai karanta, har ma ya zauna da kakarshi da ba ta yi lakwal ba su fassara shi tare.