Gahawa: Daga Dazuzzukan Habasha Zuwa Teburin Mai Shayi

Duk wanda ya taɓa kwana a wurin babban taron ikkilisiya ya san yadda ake yi da asuba. Bayan addu'ar safe sai ka ga jama'a sun yi layi gaban tukunyar ruwan zafi, kowa da kofinsa a hannu, wasu su sa ganyen shayi, wasu kuma su ɗebi cokali guda na wannan baƙin gari mai ɗaci domin ya kore masu gyangyaɗi kafin mai wa'azi ya hau bagade. Da yawanmu Nescafé muke kiransa, wato sunan da wani kamfani ya raɗa wa nasa tun 1938. Amma sunansa na asali a bakin Bahaushe shi ne gahawa. A wannan mako muna so mu bi sawun wannan abin sha tare da ku masu karatu, gama a cikin tarihinsa akwai addu'a da zumunci, akwai kuma gumin bayin Allah da ba a biya ba.

Asalinsa daga Afirka ne

Itacen gahawa ɗan Afirka ne. A dazuzzukan kan tudu na kudu maso yammacin Habasha, wajen lardin Kaffa, har yau yana fitowa da kansa a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Akwai wani sanannen labari cewa wani makiyayi ne ya ga awakinsa suna ta tsalle-tsalle bayan sun ci jajayen 'ya'yan itacen, sai ya kai wa masu zaman zuhudu na wani gidan ibada, su kuma suka ga yana taimakonsu tsayuwar dare. Wannan dai almara ce, kuma sai a 1671 wani malami Kirista ɗan ɗarikar Maroniyawa da ke koyarwa a Roma ya fara rubuta ta.

Abin da masana tarihi suka tabbatar shi ne, a ƙarni na 15 Sufaye Musulmi na ƙasar Yaman suna dafa gahawa suna sha don kada barci ya ɗauke su lokacin zikirin dare. Daga wurinsu ya bazu zuwa Makka da Alƙahira, ya kai Santambul wajen 1555. Larabawa suka kira shi ƙahwa, inda muka samo kalmarmu ta gahawa. Turkawa suka juya sunan da harshensu, daga bakinsu kuma Turawa suka samo nasu, wanda ya dawo mana a matsayin kofi. Ashe ke nan suna ɗaya ne ya zo mana ta hanya biyu, ɗaya ta hanyar alhazai da fatake, ɗaya kuma a cikin gwangwani.

Abin shan da ya tsorata sarakuna

Tun farko masu mulki ba su saki jiki da gahawa ba, domin duk inda aka buɗe gidan shansa sai mutane su taru su yi ta hira, hira kuwa ba ta rasa taɓa hukuma. A 1511 gwamnan Makka ya hana shansa, amma dokar ba ta daɗe ba. A Landan an buɗe gidan gahawa na farko a 1652, kafin ka ce kwabo sun cika gari. Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675, sai dai ƙorafin jama'a ya sa ya janye cikin 'yan kwanaki. A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ne, na wani mai suna Edward Lloyd, masu jiragen ruwa da attajirai suka riƙa haɗuwa, har wurin ya haifar da babbar kasuwar inshora ta Lloyd's. A Jamus kuwa, Johann Sebastian Bach, wanda ya shugabanci mawaƙan majami'a a birnin Leipzig, sai da ya tsara waƙar barkwanci a kan wata budurwa da mahaifinta ya rasa yadda zai raba ta da gahawa.

Abin mamaki, a Habasha kanta, ƙasar da ta karɓi bangaskiyar Kirista tun ƙarni na 4, Ikkilisiyar Otodoks ta daɗe tana ƙyamar gahawa, tana ɗaukarsa abin shan Musulmi ne. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Menelik na Biyu, aka sassauta. Yanzu Kirista da Musulmi a tabarma ɗaya suke shansa. Uwargida takan shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turaren wuta, ta wanke ƙwayoyin ta soya su a kasko a gaban baƙi, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙanshi, sa'an nan ta daka a turmi ta dafa a wata butar ƙasa mai dogon wuya da ake kira jabana. Sau uku ake zagayawa da finjali, zagaye na uku kuwa sunansa baraka, wato albarka, kuma ba a jin daɗin baƙo ya tashi kafin a kai gare shi. Shi ya sa kusan rabin abin da Habasha ke nomawa a cikin gida ake shanye shi. 'Yan'uwanmu da suka zauna a Sudan su ma sun san jabana, wadda a can akan sa wa citta.

Yadda iri ya tsallake teku

Shekaru masu yawa Yaman ce kaɗai ke sayar wa duniya gahawa ta tashar jiragen ruwa ta Moka. A ƙarshen ƙarni na 17 mutanen Holan suka dasa shi a tsibirin Jaba na Indunisiya. Wajen 1723 wani hafsan Faransa, Gabriel de Clieu, ya kai ɗan tsiro tsibirin Martinik a yankin Karibiyan, a 1727 kuma iri ya shiga Birazil, wadda a yau ke noma wajen kashi ɗaya cikin uku na gahawan duniya.

To, a nan ne labarin ya yi ɗaci fiye da abin shan. Gahawa aiki ne da shi. Itacen yakan yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya, 'ya'yan kuma ba sa nuna lokaci ɗaya, don haka sai a bi reshe-reshe ana tsinkar jajayen da hannu. Kowane ɗa ƙwaya biyu ce a cikinsa, kuma sai an tsinki kilo biyar ko shida kafin a sami kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya. Turawan da suka buɗe manyan gonaki ba su yi wannan aiki da hannunsu ba. Bayi suka sa, waɗanda aka kwaso daga Afirka. A wajen 1788 yankin da ake kira Haiti a yau shi ke ba da kusan rabin gahawan duniya, duk da gumin bayi, har suka yi tawaye a 1791 suka kafa ƙasarsu a 1804. Birazil kuwa ba ta soke bauta ba sai 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. Ya kamata mu faɗi gaskiya, yawancin masu waɗannan gonaki sunan Kirista suke amsawa, ran Lahadi kuma suna zuwa sujada.

Hannun 'yan mishan ma yana cikin tarihin. Fada-fada na Faransa ne suka kai gahawa Biyetnam a 1857, ga shi yanzu ita ce ta biyu a duniya. 'Yan mishan na Katolika ne kuma suka dasa shi a Kenya da gindin dutsen Kilimanjaro a cikin shekarun 1890. Amma a Kenya gwamnatin mulkin mallaka ta hana yawancin 'yan ƙasa noma shi don kare Turawa 'yan kaka-gida, ba a sakar masu mara sosai ba sai a shekarun 1950.

Wa ke cin ribar?

Bauta ta wuce, amma tambayar hakkin manomi tana nan. Yawancin gahawan duniya ƙananan manoma ne ke noma shi, farashinsa kuwa a kasuwannin New York da Landan ake yanke shi. Daga 1962 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe masu nomawa da masu saye wadda ta ƙayyade yawan abin da kowace ƙasa za ta fitar, domin kada farashi ya karye. A 1989 tsarin ya rushe. Farashi ya faɗi warwas, a 2001 kuma ya sake faɗuwa har laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, ta koma ƙasa da rabin dalar Amurka. Manoma a Habasha da Amurka ta Tsakiya suka cire 'ya'yansu daga makaranta, wasu suka sare itatuwansu, alhali masu sha a Turai ba su ga wani ragi na a zo a gani ba. A farkon 2025 farashin ya haura dala 4, saboda fari ya ɓata amfani a Birazil da Biyetnam. Manomin da rana ta ƙone wa gona bai ga wannan riba ba.

Duk da haka akwai abin ƙarfafa zuciya. Wani fada ɗan Holan mai suna Frans van der Hoff ya zauna cikin talakawan manoma a jihar Oaxaca ta Meksiko, ya ga yadda 'yan baranda ke karɓe amfaninsu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya taimake su suka kafa ƙungiyar gama kai. A 1988, tare da Nico Roozen na wata ƙungiyar agaji da ikkilisiyoyin Holan suka kafa, suka fito da tambarin Max Havelaar, wanda ke shaida wa mai saye cewa an biya manomi farashin da zai riƙe iyalinsa. Daga nan tambarin cinikin adalci ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Bai share hawayen kowa ba, amma ya nuna cewa mai bi yana iya shiga da bangaskiyarsa har cikin kasuwa.

Abin da ya shafe mu

A ƙasarmu ana noman gahawa kaɗan a tsaunin Mambila na Jihar Taraba da wasu wurare masu sanyi, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinsa shi ne ke cikin goronmu. Amma darasin ya wuce gahawa. Littafi Mai Tsarki bai ambaci wannan abin sha ko sau ɗaya ba, sai dai ya yi magana ƙarara a kan ɗan ƙodago. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa a ranar da ya yi aikin, Manzo Yaƙub kuma a sura 5 ya gargaɗi mawadatan da suka danne ladan masu girbi cewa kukan mutanen ya riga ya kai wurin Ubangiji.

'Yan'uwa, yana da sauƙi mu zargi Turawan da suka mutu tuntuni. Mu fa? Akwai mu da ke sa yara aikin gona mu ce su dawo gobe, goben kuma ta zama mako. Akwai mu da ke bin manomi da kaka, sa'ad da bashi ya shaƙe shi, mu karya masa farashi, sa'an nan mu kawo zakka daga cikin ribar. Akwai gidajen da 'yar aiki ke wata uku ba ta ga albashinta ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to, ina kuma wanda aka yi wa aikin ya hana ladan?

Saboda haka in mun zauna a teburin mai shayi ko a wurin taro, muka ɗaga kofi za mu yi godiya, bari mu sa manomin da ya tsinko shi a cikin addu'ar. In kuwa akwai wanda yake binmu hakkin guminsa, mu neme shi mu biya kafin Lahadi mai zuwa. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa, amin.