FASHIN BAƘI: Maigida ko ubangida? Yadda amana ke bin shugaba daga wata sana'a zuwa wata

A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, amma waɗanda suka fito suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Wato cikin kowane mutum huɗu masu rajista, kusan uku sun yi zamansu a gida. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa irin wannan a zaɓen shugaban ƙasa ba. Dalilan suna da yawa, har da ƙarancin takardun kuɗi da ya addabi jama'a a lokacin. Amma akwai dalilin da ya girme su: mutane da dama sun daina gaskata cewa wanda suka zaɓa zai cika alkawari.

Duk da haka, a kowace kakar zaɓe 'yan takara kan fito da tarihin ayyukansu a matsayin hujja. Wannan tsohon ma'aikacin banki ne, wancan janar ne mai ritaya, ɗayan kuma farfesa ne ko attajiri. Sai dai sanin lissafin banki ba ya koya wa mutum sasanta manoma da makiyaya, haka kuma umarnin bariki ba ya aiki a zauren majalisa. Abin da tarihi ya nuna yana bin mutum daga wata sana'a zuwa wata shi ne amana, wato yardar da mutanen da suka yi hulɗa da shi suka ba shi bayan sun gwada shi. Misalai uku, daga kasuwa da aji da fadar gwamnati, sun isa su nuna yadda ake gina ta da yadda take rushewa.

Kasuwa: inda suna yake jari

Tun kafin zuwan bankuna, fataken Hausawa suna kai kaya daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su dawo da goro. Tafiya ce ta watanni, kuma babu kotun da za ta bi wa mutum haƙƙinsa a ƙasar da ba tasa ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne tsarin maigida a zango.

Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana tsarin a littafin da ya wallafa a 1969. Falke yakan kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida. Mahautan garin, waɗanda falken bai san su ba, sukan ɗauki shanun bashi ta hannun dillalan maigidan. Idan mahauci ya ƙi biya, nauyin yana wuyan maigida. Saboda haka dole ya san halin kowane mahauci, domin da zarar kuɗin baƙo ɗaya ya salwanta a hannunsa, labari zai isa Arewa, fatake su ƙaurace wa gidansa.

A cikin irin wannan fatauci Alhaji Alhassan Dantata ya taso. Ya fara da goro tsakanin Kano da Gwanja, sannan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ya shiga sayen gyaɗa, ya baza wakilai a ƙauyuka yana ba su kuɗi su sayo masa. Kayan ciniki sun sauya, amma mutanen da suka yarda da shi ba su sauya ba. Kafin rasuwarsa a 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Darasin kasuwa a fili yake: wanda aka ba amana shi ne farkon wanda zai yi asara idan ta lalace.

Aji: daga alli zuwa dandalin siyasa

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa. Ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi a shekarun 1940, inda ya yi mu'amala da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan ya dawo daga karatu a Landan, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, ya kuma zama shugabanta a 1953.

NEPU ba ta da kwangilar da za ta raba, ba ta da muƙami. Magoya bayanta, teloli da 'yan koli da manoma da malaman zaure, ɗauri da bulala suka riƙa sha a kotunan En'e. Abin da ya riƙe su shi ne sun ga jagoransu bai bambanta kansa da su ba. Malam ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya kula da sadarwa sannan da lafiya, amma ya sauka ya koma gidansa na Gwammaja, wanda a yau ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Wannan yarda ce ta ba jam'iyyarsa ta PRP kujerun gwamnan Kano da na Kaduna a 1979.

Amma labarin yana da ɗaya gefen. Ba a daɗe ba PRP ta dare gida biyu, Taɓo da Santsi, bayan saɓani tsakanin shugabannin jam'iyya da gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, kan ƙawance da gwamnonin wasu jam'iyyu. Yardar da talakawa suka ba Malam ta kansa ce, jam'iyyar kuwa ba ta da ƙaƙƙarfan tsarin warware rikici da kowa ya amince da shi. Bayan rasuwarsa a Afrilun 1983, kowane ɓangare ya ci gaba da iƙirarin shi ne magajinsa.

Fadar gwamnati: yarda da iyakarta

Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin kimiyyar sinadarai ne. Ya koyar a Zariya da Katsina, ya shugabanci wani kamfanin gona a Funtuwa, sannan ya mulki Jihar Katsina daga 1999 zuwa 2007. Ya hau kujerar shugaban ƙasa ta zaɓen da masu sa ido na gida da na waje suka yi tir da shi. A ranar rantsar da shi ya amsa cewa zaɓen yana da nakasu, daga baya ya kafa kwamitin gyaran harkar zaɓe a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. A Yunin 2007 ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a, kimanin naira miliyan 856, alhali doka ta wajabta masa miƙa takardar ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ne kawai.

Wannan hali ya yi masa rana a yankin Neja Delta. Ya yi shelar afuwa a Yunin 2009, kuma kafin wa'adin ya cika a farkon Oktoba, manyan kwamandojin tsageru irin su Tompolo da Ateke Tom sun miƙa makamai. Mutum ba ya ajiye bindiga sai ya yarda cewa wanda ya yi masa alkawari ba zai juya masa baya ba.

Sai dai nan ma amanar ta gamu da iyakarta. Gwamnatinsa ta ƙi karɓar shawarar kwamitin Uwais ta cire naɗin shugaban INEC daga ikon shugaban ƙasa shi kaɗai. Da rashin lafiya ta kai shi Saudiyya a Nuwamban 2009, bai miƙa ragama ga mataimakinsa a rubuce ba, 'yan tsirarun makusantansa kuma suka rufe wa ƙasa labarin halin da yake ciki. Sai a ranar 9 ga Fabrairun 2010 Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa. Dangantakar da ta taƙaita ga mutanen cikin gida ta kusa cinye yardar da ya gina da jama'a.

Inda maigida ya bambanta da ubangida

A siyasar Najeriya ta yau, kalmar amana ta fi yawa a bakin iyayen gida. Duk gwamnan da ya bijire wa wanda ya tsayar da shi, sai a ce ya ci amana. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin maigidan zango da ubangidan siyasa. Maigida yana jingine sunansa da dukiyarsa don kare haƙƙin baƙo. Ubangida kuwa yana jingine baitulmalin jama'a don kare jarinsa, yarjejeniyarsa a ɓoye take, kuma idan ta warware talaka ne ke biya.

An ga haka a Anambra a Yulin 2003, lokacin da 'yan sanda suka ɗauke Gwamna Chris Ngige makonni kaɗan da hawansa, sakamakon rikici da waɗanda suka ɗauki nauyin takararsa. An sake gani a Ribas, inda takun-saƙa tsakanin Gwamna Siminalayi Fubara da magabacinsa Nyesom Wike ya kai ga ayyana dokar ta-ɓaci da dakatar da zaɓaɓɓun shugabannin jihar na wata shida a Maris ɗin 2025.

Ma'aunin mai zaɓe

Tun daga 2018, lokacin da aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, matasa ba masu kaɗa ƙuri'a kaɗai ba ne, su ma 'yan takara ne. Ma'aunin da waɗannan misalai suka bayar ya shafe su ta fuska biyu.

Tambaya ta farko ga kowane ɗan takara ita ce abin da mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinsa ke faɗa a kansa, tun daga direba da masinja har zuwa abokan ciniki, domin su ne suka ga halinsa lokacin da babu kyamara. Ta biyu, ko ya taɓa yin asara don ya cika alkawari. Ta uku, ko ya yarda a bincike shi, ta hanyar bayyana kadarori da amsa buƙatun da aka gabatar ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta huɗu, ko wurin da ya bari ya ci gaba da aiki bayan tafiyarsa, ko kuwa ya durƙushe saboda komai a hannunsa yake.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya riƙe haƙƙin leburori a kamfani, ko kuɗin ƙungiyar ɗalibai a jami'a, ya riga ya bar shaidar da za a iya bibiya, kuma shaidun suna raye. Aikin mai zaɓe shi ne ya neme su tun kafin ranar da zai dangwala yatsa.