Kunnen Waya da Kasuwar Talla

Mutane da yawa sun haƙiƙance cewa wayarsu tana sauraron hirarsu, don sai a yi zancen keken ɗinki da rana, kafin dare tallarsa ta bayyana a Facebook. Zargin yana da tushe. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta gargaɗi masu manhajojin da ke ɗauke da fasahar kamfanin SilverPush, wadda ke amfani da makirufo wajen kama wani sautin da kunnen mutum ba ya ji a cikin tallar talabijin. A ƙarshen 2017 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa wasannin waya fiye da 250 suna ɗauke da manhajar Alphonso, mai sauraron abin da ake kallo a talabijin. A 2024 kuma kafar 404 Media ta fitar da takardun kamfanin Cox Media Group, yana yi wa 'yan kasuwa alƙawarin kai talla bisa abin da mutane ke faɗa a kusa da na'urorinsu. Google ya cire shi daga jerin abokan hulɗarsa.

Sai dai masana a Jami'ar Northeastern sun gwada manhajojin Android sama da 17,000 a 2018, ba su ga wadda ke aika murya a ɓoye ba. Abin da suka gano shi ne wasu suna ɗaukar hoton allon waya su aika wa wani kamfani daban. Wannan ya fi tayar min da hankali. Masu talla ba su cika buƙatar kunne ba, domin sun san inda ka kwana, da abin da ka nema a intanet, da lambobin da ke wayarka. Idan abokin hirarka ya bincika farashin keken ɗinki, kuma wayoyinku sun yini wuri guda, hakan kaɗai na iya sa tallar ta iso gare ka.

Duk da haka toshe makirufo wajibi ne. A 2019 jaridar Guardian ta ruwaito cewa 'yan kwangilar Apple suna jin maganganun da Siri ta naɗa bisa kuskure, har da na tsakanin likita da marar lafiya. A 2025 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 95 don kashe ƙarar da aka shigar a kansa kan wannan batu, ko da yake ya musanta laifi.

Shiga saitunan waya, ka buɗe sashen sirri, ka duba manhajojin da ke da izinin makirufo. WhatsApp na buƙatarsa saboda saƙon murya, amma me manhajar tocila ko wasan yara za su yi da shi? Janye izinin. Tun daga iOS 14 ɗigo mai launin lemo yana bayyana a saman allon iPhone idan makirufo na aiki, Android 12 kuma ya zo da alama koriya da maɓallin kashe shi baki ɗaya. Wanda ba ya amfani da Siri ko Google Assistant ya kashe kiransu da murya.

Daga nan sai a koma ga babbar ɓarakar, wato bayanan da masu talla ke tarawa a kanka. A Android a goge lambar shaidar talla, a iPhone a hana manhajoji bin sawu, damar da Apple ya bayar tun Afrilun 2021, sannan a taƙaita izinin sanin wurin da kake ga taswira da manhajojin sufuri kaɗai.