Ko Ka San Aku da Ido Yake Fara Magana?

Kowa ya san aku da baki, amma ni idonsa ne ya ɗauke mini hankali. Ka shiga ɗaki mai duhu, baƙin idonka zai buɗe. Ka fito rana, ya tsuke, ko ka so ko ka ƙi. Shi kuwa aku, naman da ke kewaye da baƙin idonsa irin naman da ke motsa hannu da ƙafa ne, wato mai bin umarnin mai shi. Don haka yana zaune wuri ɗaya, haske bai ƙaru ba bai ragu ba, sai ka ga baƙin ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero, ya buɗe, ya sake ƙanƙancewa, kamar mai kunna tocila yana kashewa. Hakan na faruwa ne in abu ya motsa masa rai: murna, ko ɗoki, ko fushi.

A gidan goggona, a unguwar Doubeli ta Jimeta, na fara ganin haka. Shekarun baya aka kawo mata aku daga Kamaru, irin mai launin toka da jar wutsiya. Kusan wata biyu ana buɗe masa ƙofar keji, bai taɓa leƙowa ba, kullum yana maƙale a kusurwa. Ni da gaggawata na zura hannu in fito da shi, ya kuwa dasa mini baki a babban yatsa har jini. Goggo na tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ɗana, ba ka dubi idonsa ba ne? Ai ya gaya maka kada ka zo."

Gaskiya ta faɗa. Idon da ke tsukewa da buɗewa, ga gashin wuya a tashe, ga wutsiya a baje, ga gurnani ƙasa-ƙasa, wannan kashedi ne. Amma in idon na wasa alhali jiki a sake yake, ya karkato kai yana kallonka da gefe ɗaya, to sha'awa ce, yana so ya san me ka riƙo. A daidai wannan gaɓar ake miƙa masa abu.

Ido har shekaru yana faɗa. Ɗan aku mai launin toka idonsa baƙi ne wuluk, sannu a hankali ya yi fari-fari, in ya manyanta ya koma ruwan ɗorawa mai haske. In mai sayarwa ya ce maka ɗan jariri ne alhali idon ya yi ɗorawa, ka san inda zancen ya dosa. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babban aku da aka kamo daga daji ya riga ya san hannun mutum a matsayin abin da ya raba shi da garkensu. Kamun ya yi yawa har a shekarar 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, ƙasashe suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ni dai na goyi bayan hanin nan. Tsuntsun da ke iya kai shekara arba'in zuwa sittin a hannun mutane bai cancanci ya ƙare su yana rawar jiki a lungun keji ba.

Abin da Goggo ta yi ba shi da yawa. Ta ɗauke kejin daga tsakar gida, inda yara ke zagaye shi, ta jingina shi da bango a barandar ɗakinta, don ya san ba abin da zai zo masa ta baya. Ta ɗaga shi ya yi daidai da fuskar mutum, ta hana kowa kawo hannu ta sama, tunda ta sama shaho ke kawo hari. Bayan la'asar, in zafin Yola ya ɗan sassauta, sai ta shimfiɗa tabarma kusa da shi tana jan carbi, ƙofar keji a buɗe, ba ta ko kallonsa kai tsaye. Ta ɗaura ƙaramar sanda a bakin ƙofar, ta riƙa ajiye kwakwar manja guda ɗaya a kai, abincinsu ke nan a daji. Kullum sai ta ɗan matsar da kwakwar waje kaɗan. Fiya kam ta ce ko kusa, guba ce ga aku, haka ma gyaɗar da ta yi funfuna.

Masu karatun Magana Jari Ce na Abubakar Imam sun san akun da ya riƙa ba ɗan sarki labarai don ya tsare shi a gida. Hikimar nan ba ƙage zalla ba ce. A Amurka, Irene Pepperberg ta sayi wani aku a Chicago a 1977, ta sa masa suna Alex. Kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launuka, yana ƙirga abubuwa har shida. Wani ɗan mitsitsin tsuntsu ma dangin tsirya, mai suna Puck, ya shiga kundin Guinness da kalmomi 1,728! Duk wannan kuwa ba da leɓe ba, ba da irin maƙogwaronmu ba. Daga can ƙasan bututun iska, inda ya rabu biyu, sautin ke fitowa.

Ranar da akun Goggo ya fito ina wajen. Ta ɗaga kwakwar, baƙin idonsa ya tsuke, ya buɗe, ya tsuke. Ta ce mini a hankali, "Kada ka motsa." Ya kama ƙarfen ƙofa da baki, ya jawo ƙafa ɗaya, ya jawo ɗayar, ya hau sandar. Ya karɓi kwakwar da ƙafar hagu yana ɓare ta, man ja na bin bakinsa. Bai fi minti biyu a waje ba ya koma, Goggo kuma ta bar ƙofar yadda take. Bayan wasu watanni, duk wanda ya yi sallama a gidan, daga saman keji ake fara amsa masa da Fulatanci, da muryar Goggo sak: "Jaɓɓaama!"