Yadda ake kafa ƙarfe cikin siminti da gam mai haɗi biyu

Ƴan'uwa makiyaya da manoman bakin Komadugu, daga Mainé-Soroa zuwa Diffa har Bosso, ku saurara. Duk shekara in lokacin allurar ciwon huhu ya zo, mukan tarar da ƙarafun shingen allura suna girgiɗi, ko zoben ɗaure dabba ya fita daga jikin kwami. Sai a cusa ɗanyen siminti a ramin, ba a jima ba ya sake fita, don sabon siminti ba ya kama tsoho sosai. Bijimin Kuri in ya firgita ya fizga, ƙarfe ya tsige, ko dabba ta karye ko mai riƙo ya ji ciwo.

Akwai gam da ake kira efoksi, dangin Araldite da kuka sani wajen makanikai, amma na gini ya fi kauri. Yana zuwa cikin kwalba biyu a manne, sai sun gauraya yake daskarewa. Ga yadda za ku sa magini ya yi aikin a gabanku:

1. Siminti ya kai kwana 28, ba tsaga, kuma a bushe. Inda ambaliya ta kwanta, kamar ta 2019, a jira ya sha iska.
2. Ƙarfe mai zare na milimita 12 yana son rami mai faɗin milimita 14, zurfin santimita 11. A nisanci bakin siminti da santimita 10.
3. A hure ƙura da famfon keke, a goge da buroshi, a sake hurewa, sau biyu. Nan ne ƙarfin aikin yake. In an bar ƙura, gam ƙurar zai kama, ba siminti ba.
4. A zubar da matsin farko har launin ya zama ɗaya. A cika kashi biyu cikin uku na ramin, daga ƙasa zuwa sama.
5. A goge mai da tsatsa daga ƙarfen, a tura shi ana murzawa har gam ya ɗan fito.
6. Kada a taɓa, kada a ɗaure noti, kada a kawo dabba sai bayan awa 24.

Ku kula da zafin ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, gam na iya fara daskarewa cikin minti goma. A yi aikin da sassafe, a ajiye kwalbar a inuwa. Kada a yi walda a jikin ƙarfen bayan an kafa shi, wuta tana lalata gam. Inda ruwa ke da kanwa, a nemi ƙarfen da ba ya tsatsa. A sa safar hannu, a hana yara da dabbobi kusantar ɗanyen gam.

Kada kuma a rataya tanki ko wani abu mai nauyi bisa kan mutane da gam kaɗai. A Boston ta Amurka, a 2006, rufin siminti na wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa ya faɗo ya kashe wata mata, don gam ɗin da aka sa ya yi ta saki a hankali.

Kafin allurar bana, ku je ku girgiza kowane ƙarfe na shingenku da hannu. Wanda ya motsa, ku sanar da ma'aikacin kiwo na garinku tun da wuri.