Gidan Bulo a Bukan Sidi, Inda Ake Magana da Hannu

Kafin ƙarfe bakwai na safe an riga an tayar da inji a wani gidan bulo da ke Bukan Sidi, a kan hanyar da ta fita daga Lafiya zuwa Akwanga. Daga lokacin da janareta ya kama, hira ta ƙare. Mai kwaɓa siminti ya cika kwanon sarki, wani ya juye a bakin inji, mai riƙe da ƙarfe ya danna, sai ƙasa ta ɗauki rawa har cikin tafin ƙafa. Bulo biyu su fito a jiƙe a kan katako, yara biyu su ɗauka da sauri su jera a rana. Mai son ƙarin ruwa a kwaɓi yakan nuna da hannu. Mai son a dakata yakan ɗaga tafi. Wanda zai yi magana dole ya kai bakinsa kusa da kunnen ɗan'uwansa ya ɗaga murya.

Aiki bai yanke wa irin waɗannan wurare ba tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 aka mai da Lafiya babban birninta. Ma'aikatan gwamnati sun zo, an kafa Jami'ar Tarayya a 2011, unguwannin bakin gari suna ta cika da gine-gine, ga kuma aikin faɗaɗa titin Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi da kamfanin China Harbour ya yi, wanda ya saba wa mutanen wannan hanya da ganin katafila da gireda da rola. Kowane gini bulo yake nema, inci shida ko inci tara. Leburorin da ke bugawa sun fito daga ƙabilu da dama, Eggon da Alago da Tibi da Hausawa, kuma da Hausa suke aiki tare, a ɗan lokacin da inji ya bar su su ji juna.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a gidan shi ne babu wanda ya toshe kunnensa. Akwai mai safar hannu saboda siminti yana cin fata, akwai mai ɗaure hanci da ƙyalle saboda ƙura. Kunne kuwa a buɗe. Idan ka yi musu maganar, amsar da ta fi yawa ita ce sun saba. Ɗaya amsar ta fi nauyi, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta: in na toshe kunne, yaya zan ji tifa in tana baya?

Maganar sabo ba ta da wuyar warwarewa. Kunne ba ya sabawa da ƙara, lalacewa yake yi. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi, kimanin dubu 15 a kowane kunne, su ne ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Babu allura ko ƙwaya da ke dawo da ita. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyaka a 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, har a kai 100, inda minti 15 kaɗai aka yarda. Injin gurza ƙarfe na mai walda yakan kai kusa da nan. Ba sai da na'ura ba mutum zai gane inda yake: in abokin aikinka yana tsaye nisan hannu ɗaya kuma sai ka ɗaga murya kafin ya ji, kun shiga yankin haɗari. A bakin injin bulo haka ake yini.

Alamar farko takan zo da daddare. Mutum ya kwanta, gari ya yi tsit, sai ya ji wani siririn sauti a kunne kamar kukan gyare, ko ya ji muryoyin gida suna zuwa a dushe. Da safe abin ya wuce, sai ya ɗauka gajiya ce. Shekaru na tafiya, sautuka sirara su fara ɓacewa, ya riƙa jin ana magana amma kalmomin ba sa rabuwa, musamman a kasuwa ko wurin biki. A gida a fara cewa Baba ba ya son amsawa, ko ya cika ƙure rediyo. Ba kasafai ake danganta wannan da injin da ya yi shekara da shekaru a gabansa ba, domin ba a ga jini ba, ba a ɗauki kowa zuwa asibiti ba.

Tsoron tifa kuwa gaskiya ne, ban ga laifin mai jin sa ba. Filin gidan bulo ƙarami ne, kuma tifar yashi da baya take shiga. Direba yana can sama, ba ya ganin abin da ke dab da bayan motarsa, madubi ba ya kaiwa wurin. Yawancin tsofaffin tifofi ba su da ƙararrawar da ke kuka in an sa giyar baya. Abin da ake dogara da shi shi ne yaron mota, wanda ke dukan jikin bodi yana cewa taho, taho, ya isa. Lebura da ya sunkuya da shebur a gindin tulin yashi, da wannan muryar yake tsira. To amma muryar tana gasa da janareta da injin bulo da injin tifar kanta, sannan kunnen da ake so ya kama ta shi ne wanda ƙarar ke cinyewa kullum. Wanda ya fi daɗewa a aikin, wanda ake ganin ya fi kowa sanin wurin, sau da yawa shi ne ya fi kowa rashin jin gargaɗin.

Saboda haka nake ganin kuskure ne tun farko a ɗora wa kunne gadin rai a wuri irin wannan. A manyan wuraren gini da ake bin ƙa'ida, ido ne da tsari ke wannan aiki. Mota ba ta ja da baya sai da mutum ɗaya da aka sani yana tsaye inda direba ke ganinsa a madubi, yana ba da alama da hannu. In direba ya daina ganinsa, ya taka birki nan take. Ba a ratsawa ta bayan mota ko ƙarƙashin hannun katafila, kuma ba a kusantar mai tuƙi sai an haɗa ido da shi ya amsa. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya fi ƙarfin gidan bulo. Maigidan wurin zai iya cewa duk sanda tifa za ta shigo a kashe inji na ɗan mintoci, kowa ya koma gefe guda. Zai iya ware wa mota hanyarta, ya matsar da janareta nesa da masu aiki, ya gyara salansarsa. Ƙarfen da ya kwance a jikin inji yana ƙara kwaramniya, ɗaure shi ba ya cin kuɗi.

In an yi haka, toshe kunne ya daina zama abin tsoro. Audugar da wasu ke cusawa a wasu wuraren ba ta tare wani abin kirki. Abin da ke aiki shi ne ɗan soson toshe kunne da aka yi domin haka: a murza shi ya sirance, a ja kunnen sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Da hannu mai tsabta, ba mai siminti ba. Ba ya mai da mutum kurma, rage ƙarar yake yi, kuma mai lafiyayyen kunne yakan ci gaba da jin kira da hon a cikin hayaniya. Sai dai a bar shi a kunne muddin inji na aiki, domin cire shi na ɗan lokaci yana zubar da kaso mai yawa na kariyar yinin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne samarin da ke sa abin jin waƙa na waya suna aiki. Sun ƙara wa kunne wata ƙarar a kan ta inji, sannan hankalinsu ya bar filin.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta ambaci raunin ji a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, kuma hukumar NESREA tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009. Amma leburan gidan bulo ba shi da takardar ɗaukar aiki. Da yawan buhun simintin da aka buga ake biyansa, ko da yawan bulon da ya ɗauka, shi ya sa kashe inji na minti biyar yake zama masa asara, shi ya sa kuma ba zai fara neman a kashe ba. Wannan shawara a hannun Oga take, shi da ke sayen dizal yake kuma ƙirga bulo da yamma.

Da azahar akan kashe janareta a yi salla a ci abinci. Masu aikin sukan zauna a inuwa da kwanon shinkafa da wake, kuma na ɗan lokaci suna ci gaba da magana da ƙarfi kamar injin bai tsaya ba. Dattijon cikinsu, wanda suke kira Baba, yakan juyo da gefe ɗaya na kansa ga mai magana, ya ce a maimaita. Yaran da suka fara ɗaukar bulo bana suna zaune kusa da shi, kuma a bakin inji ɗaya za su koma tare bayan an gama cin abinci.